Gadon da ba a rabawa a gaban alƙali: Kitsen jini, tukunyar gidanku da zuciyarka

Ka ɗauki wayarka da safe, ka shiga WhatsApp, sai ka ga hoton mutum ɗaya a sitatus ɗin mutane biyar. Ka san shi. Bai kai shekara 45 ba, kuma jiya da yamma ma an gan shi a majalisa ana raha da shi. Ka tambayi abin da ya faru, a ce maka, "Wallahi lafiyarsa lau, yanke jiki kawai ya yi ya faɗi." Can a wajen zaman makoki sai ka jiyo wata tsohuwa daga cikin gida tana cewa, "Haka ubansa ya tafi, haka ma baffansa." Kowa ya gyaɗa kai, a yi addu'a, a watse.

To wannan magana ta tsohuwa da kowa ya ji ya wuce, da akwai likitan zuciya a wurin, a kanta zai tsaya. Ba kowace mutuwar fuju'a ce ke da alaƙa da kitsen jini ba, dalilan suna da yawa. Amma idan abu iri ɗaya ya ɗauki mutum da ƙaninsa da ɗansa tun suna da sauran ƙarfinsu, dole a tambaya: me suka gada, kuma su wa suka rage a gidan suna ɗauke da shi ba su sani ba?

Hausawa na cewa kyan ɗa ya gaji ubansa. Gida da gona da shago, waɗannan ana zama a raba su. Akwai kuma gado iri biyu da babu mai zama ya raba maka: wanda ke cikin jininka, da wanda ka ɗauko daga tukunyar gidanku. Su biyun ne ke haɗuwa su yanke yawan kitsen da ke yawo a jijiyoyinka yanzu haka da kake karanta wannan rubutu.

Wai mene ne kitsen jinin ma?

Sunan da za ka ji a asibiti shi ne kolastarol. Kar ka ɗauka guba ne. Jikinka na buƙatarsa wajen gina ƙwayoyin jiki da sinadaran balaga da ruwan matsarmama, kuma mafi yawansa jikin ne da kansa ke haɗawa, musamman hanta. Abinci ƙari yake yi, sannan yana shafar yadda hantar ke aikinta.

Da yake mai ba ya haɗuwa da ruwa, kolastarol ba ya iya tafiya cikin jini shi kaɗai, sai an ɗauke shi. A takardar gwaji za ka ga sunayen masu ɗaukarsa. LDL shi ne ke kai shi sassan jiki, kuma idan ya yi yawa sai ya riƙa kutsawa cikin bangon jijiya yana taruwa. HDL yana taimakawa wajen kwaso rara ya mayar wa hanta. Akwai kuma TG, wato kitsen da jiki ke samarwa daga rarar abinci, musamman suga da kayan fulawa.

Ka san yadda kwatar gida ke toshewa idan kullum ana zuba mata ruwan wanke-wanke mai maiƙo? Kusan haka abin yake, sai dai ita jijiya ba ta wari balle ka ankara. Shekara da shekaru hanya tana tsukewa. Wata rana tarin ya fashe, jini ya daskare a kansa, hanya ta rufe. In a jijiyar zuciya ne, bugun zuciya ke nan. In a ta ƙwaƙwalwa ce, shanyewar ɓarin jiki.

Na san abin da za ka ce: "Ai wannan ciwon tsofaffi ne da masu kuɗi." To saurara. A 1953 likitocin sojan Amurka sun wallafa abin da suka gani a gawarwakin sojoji 300 da aka kashe a yaƙin Koriya. Matsakaicin shekarunsu 22. Kashi 77 cikin 100 an tarar tarin nan ya riga ya fara a jijiyoyin zuciyarsu. Samari majiya ƙarfi fa, sa'anninka. Batun masu kuɗi kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na mace-macen a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suka faru.

Abin da ke zuwa ta jini

A shekarun 1970 wasu likitoci biyu a birnin Dallas na Amurka, Michael Brown da Joseph Goldstein, suka gano cewa ƙwayoyin jiki, musamman na hanta, suna da wasu 'yan ƙofofi da ke cafke LDL su fitar da shi daga jini. Suka kuma gano cewa akwai iyalan da ake haifar 'ya'yansu da rabin ƙofofin nan a lalace. Wannan aiki ya ba su kyautar Nobel a 1985.

Likitoci na kiran matsalar FH a taƙaice, wato hauhawar kolastarol ta gado. Wanda ke da ita, tun daga ranar da aka haife shi LDL ɗinsa ya kusa ninka na sauran mutane. Ba ruwanta da ƙiba. Kana iya zama siriri, kana buga ƙwallo kowace yamma, ba ka cin kitse, amma tana nan. An ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 250 a duniya na ɗauke da ita. Yi lissafi da kanka: idan abokanka na Facebook sun cika 5,000, a bisa wannan ƙiyasi akwai wajen 20 a cikinsu. Kuma mafi yawan masu ita ba su sani ba.

Idan uba ko uwa na da ita, kowane ɗa ko 'ya yana da damar gadonta rabi da rabi. Idan ba a yi magani ba, kusan rabin mazan da ke da ita kan gamu da ciwon zuciya kafin su cika 50, mata kuma kusan kashi 30 cikin 100 kafin 60. Wani lokaci jiki kan nuna alama: ƙulli mai tauri a agarar dunduniya ko a bayan yatsun hannu, tabo mai ruwan ɗorawa a fatar ido, ko farin zobe da ya kewaye baƙin ido ga wanda bai kai 45 ba. Amma da yawa ba su da ko ɗaya. Gwaji ne kaɗai ke faɗa.

Ga inda maganar ta shafi auren zumunci. Ka san yadda yanzu ake tambayar AA da AS kafin a kai kuɗin aure? Bambancin shi ne mai AS yawanci lafiyarsa ƙalau, ita kuwa FH ko daga ɓangare ɗaya ka gada ta isa ta yi ɓarna. Idan kuma miji da mata duk suna da ita, kowane ciki akwai damar ɗaya cikin huɗu a haifi yaron da ya gada daga ɓangarorin biyu. Irin wannan yaro na iya samun ciwon zuciya tun bai gama sakandare ba. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma damar tana ƙaruwa idan ma'auratan kakansu ɗaya. Wannan ba hujja ba ce ta fasa auren 'yar baffa. Hujja ce ta yin gwaji idan dangi na da tarihin.

Akwai wani gadon kuma da ake rubutawa Lp(a). Kusan mutum ɗaya cikin biyar a duniya nasa ya yi sama, kuma a matsakaici ya fi yawa a jinin mutanen da asalinsu Afirka ne. Abinci da motsa jiki ba su cika taɓa shi ba, ƙwayoyin halittarka ne ke yanke shi. Ba ya cikin gwajin kitse na yau da kullum, sai likita ya nema, kuma yawanci sau ɗaya a rayuwa ya wadatar.

Kar ka ce duk gadon na sharri ne. A 2006 wasu masana a Dallas, Helen Hobbs da Jonathan Cohen, suka wallafa cewa kusan 1 cikin 40 na baƙaƙen fatar Amurka da aka bincika suna da wani sauyi a ƙwayar halittar da ake kira PCSK9. LDL ɗinsu ya yi ƙasa da na saura da kashi 28 cikin 100, amma ciwon zuciyar da suka samu cikin shekara 15 ya yi ƙasa da kashi 88. Dubi tazarar nan da kyau. Ragi matsakaici, idan tun daga haihuwa ne, ribarsa babba ce. Shi ya sa shekarunka na yanzu suke da tsada.

Jini ne ko tukunya?

Matsalar da masana suka daɗe suna fama da ita ita ce, 'yan gida ɗaya jininsu ɗaya, kwanonsu ma ɗaya. Idan uba da ɗa duk sun kamu, ta yaya za a gane mai laifi? Sai suka koma kan tagwaye da 'ya'yan riƙo.

A Suwidin an bi diddigin tagwaye sama da 21,000, aka wallafa sakamakon a 1994. A tsakanin maza, idan ɗaya daga cikin tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, masu kama sak, ya mutu da ciwon zuciya kafin shekara 55, haɗarin ɗan'uwansa ya ninka kusan sau takwas. A tagwayen da ba ƙwai ɗaya ba, kusan sau huɗu. Su ma gida ɗaya suka tashi, abinci ɗaya suka ci. Bambancin na jini ne.

A Denmak kuma, wani bincike na 1988 ya duba mutane 960 da aka ba da su riƙo ga waɗanda ba danginsu ba tun suna ƙanana. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ta asali ta mutu da ciwon zuciya ko na jijiyoyin jini kafin shekara 50, haɗarinsa na mutuwa da irin wannan ciwo ya ninka fiye da sau huɗu, alhali ba a gidansu ya girma ba. In kai ɗan riƙo ne, ko a hannun kaka ko goggo ka tashi, tarihin waɗanda suka haife ka shi ne likita ke son ji.

Amma tukunya ma ba ta fita ba. A 1993 an wallafa wani binciken na Suwidin a kan tagwaye tsofaffi, kusan rabinsu an raba su tun suna yara kowa ya tashi a gida daban. Gado ya ɗauki kaso mai tsoka, amma an ga cewa gidan da mutum ya tashi ya bar tambarinsa a yawan kolastarol ɗinsa har zuwa tsufa.

Dubi kuma labarin Japanawa. Daga 1965 aka fara kwatanta maza Japanawa da ke zaune a Japan da 'yan'uwansu da ke Hawai da kuma Kalifoniya. Asali ɗaya. Na gida su ne suka fi ƙarancin kolastarol da ciwon zuciya, na Hawai a tsakiya, na Kalifoniya a sama. Jini bai canza ba, kwano ne ya canza.

Mafi yawanmu ba mu da FH. Abin da muka gada shi ne ɗaruruwan ƙananan sauye-sauye, wannan ya ɗan ɗaga, wancan ya ɗan sauke. A irin wannan hali, yadda kake rayuwa yana da babbar murya. Wani bincike na 2016 a kan mutane sama da 55,000 ya nuna cewa ko a cikin waɗanda gadonsu ya fi muni, masu kiyaye aƙalla uku daga abubuwa huɗu, wato rashin shan taba, rashin ƙiba mai yawa, motsa jiki da cin abinci mai kyau, haɗarinsu ya yi ƙasa da kashi 46 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda suka saki jiki.

Leƙa kicin ɗin gidanku

Yawan man da ake zubawa a miya, ba kai ka zaɓa ba, tasowa ka yi ka gani. Haka cokali nawa na suga ke shiga shayi, da ko ana kwarara man shanu a kan tuwo, da ko Baba na shan sigari a tsakar gida. Harshe a gida ake horar da shi. Ke ma da za ki yi aure gobe, hannun Mama za ki tafi da shi, 'ya'yanki kuma su ɗauka daga gare ki.

Kakanninmu sun ci man shanu, gaskiya ne. Amma sun yi noma, sun yi daka, sun ja guga, sun taka da ƙafa zuwa kasuwa, kuma cimarsu gero ce da dawa da wake da ganye. Mu kuma mun riƙe man, mun ƙara da lemon kwalba da burodi da fanke da taliyar leda da tsakar dare, sannan ko layi biyu ne sai an hau babur. Yini guda a kan waya, babban yatsa ne kaɗai ke motsa jiki.

Abin da ya fi ɗaga LDL a abinci shi ne kitse mai daskarewa: kitsen nama da ke jikin tsire da balangu, man shanu, bota. Manja ma kusan rabinsa irin wannan kitse ne, man gyaɗa da na waken suya kuwa nasu kaɗan ne. Mafi muni shi ne mai da aka daskarar a masana'anta, wanda kan shiga wasu kayan gashi da biskit, shi ya sa a 2023 Najeriya ta fara aiki da dokar NAFDAC da ta taƙaita irin wannan kitse zuwa giram 2 cikin kowane giram 100 na mai. Man suyar da ake maimaitawa har ya yi baƙi shi ma ba abokin jijiya ba ne. Shisha kuwa, kar wani ya ruɗe ka da ƙamshin tuffa da cewa ruwa ya tace hayaƙin. Taba ce, kuma tana raunata bangon jijiya, ta sauƙaƙa wa kitse wurin maƙalewa.

Ko al'umma guda na iya sauya tukunyarta? An yi. A farkon shekarun 1970 yankin Arewacin Kareliya a Finlan na cikin wuraren da maza suka fi mutuwa da ciwon zuciya a duniya. Mutanen makiyaya ne masu cin bota da madara mai kitse da gishiri, ga shan taba. A 1972 aka fara wani shiri ƙarƙashin matashin likita Pekka Puska. Aka shiga gidaje ta hannun ƙungiyoyin mata, aka koma man tsirrai, aka ƙara kayan lambu, aka rage gishiri da taba. Cikin kusan shekara 40, mutuwar maza masu shekarun aiki ta dalilin ciwon zuciya ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Jikokin mutanen da suke faɗuwa ne fa, jininsu bai sauya ba.

To yanzu me za ka yi?

Fara da tambaya, kyauta ce. Zauna da Mama ko Kaka ko wani kawu da ya san dangi. Wa ya rasu farat ɗaya? Yana da shekara nawa? Wa ya taɓa samun ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki? Wa ke shan maganin hawan jini ko na suga? Abin da likita ya fi nema shi ne uba ko ɗan'uwa namiji da ya kamu kafin 55, ko uwa ko 'yar'uwa kafin 65. Rubuta a wayarka. Za a ce maka "ajali ne," kuma babu mai musun haka, amma sanin sababi ba rashin tawakkali ba ne.

Sai gwaji. Jini kaɗan ake ɗauka a hannu, kuma manyan asibitoci da ɗakunan gwaji da dama suna yi. Jimillar kolastarol ana so ta gaza 200 a ma'aunin mg/dL, wato 5.2 a ma'aunin mmol/L. TG ana so ya gaza 150, wato 1.7. Idan LDL ɗinka ya kai 190, wato 4.9, wannan ba batun rage tsire kaɗai ba ne, je ka ga likita, domin ana zargin FH. Ka haɗa da awon hawan jini da na suga tunda ka riga ka je.

Idan aka same ka da ita, kar ka ɓoye. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, in kuma naka ne ya kama, ka yi ihu 'yan'uwa su ji. Iyayenka da yayyenka da ƙannenka da 'ya'yanka kowa na da damar rabi da rabi. Guruf ɗin dangi da ake ta turo gayyatar biki, ga aikin da ya fi dacewa da shi.

Magani kuma akwai. Ƙwayoyin sitatin, waɗanda asalinsu masanin Japan Akira Endo ya gano a jikin wani nau'in fumfuna a 1973, suna sa hanta ta ƙara yawan ƙofofin nan masu kwashe LDL. A Holan an bi yara 214 masu FH da aka fara ba su maganin tun suna ƙanana, aka wallafa sakamakon a 2019 bayan shekara 20. Zuwa shekara 39, kashi 1 cikin 100 ne kawai suka samu matsalar zuciya ko jijiya. Iyayensu da suka gadar musu, a daidai wannan shekaru, kashi 26 ne. Amma likita ne zai rubuta, ba abokinka ba. Ke kuma in kina da ciki ko kina shirin ɗauka ko kina shayarwa, ki gaya masa kafin komai, domin yawanci akan dakatar da shi a wannan lokaci.

Ka yi hattara da masu tallan "wankin jini" a TikTok. Tafarnuwa da lemon tsami da citta abinci ne masu kyau, amma ba sa gyara ƙofar da aka haife ka da ita a lalace. Mai sayar da kwalba bai ga takardar gwajinka ba.

A gida kuwa ba sai an yi juyin mulki a kicin ba. A rage ludayin mai a miya. Ka ce wa mai nama ya cire kitsen. Wake, zogale, rama, kuɓewa, gyaɗa, kifi da kunun gero su ƙaru. Lemon kwalba ya koma na lokaci-lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa na tafiya da sauri sau biyar. Ka ja Baba ku tafi tare da yamma, shi ya fi ka buƙata.

Abu na ƙarshe, riƙe shi da kyau. Idan kai ko wani a gidanku ya ji nauyi ko matsi a ƙirji, yana tafiya hannu ko wuya ko muƙamuƙi, ga gumi ga numfashi sama-sama, kar a ce olsa ce a aiki yaro kemis. A tafi asibiti nan take. Kowane minti da aka ɓata, tsokar zuciya ce ke mutuwa.

Yau da daddare, bayan an ci tuwo, ajiye wayar ka tambayi Mama: "Wai Kakanmu yana da shekara nawa ya rasu, kuma me ya same shi?" Daga amsarta za ka san ko gobe gwaji ya kama ka.